Haruffa Biyu da Suka Sa Na Goya Uwar Mijina

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen 'ya'yana, ba zan taɓa mantawa da ranar da na fito tsakar gidan surukaina a Dakoro ba, kai ba ɗankwali, ƙafa ba takalmi, uwar mijina goye a bayana, ina zabga ihu kamar wadda kunama ta harba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko a gaban ɗalibai nake, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma bari in faro muku daga tushe, kada ku ɗauka mai taɓin hankali ce ke ba ku labari (ko da yake a ranar akwai waɗanda suka ɗauka haka, kuma ban ga laifinsu ba).

Ni malamar makaranta ce, ina koyar da 'yan firamare a Ajekoriya, can nake zaune da maigidana Sani. A bazarar da abin ya faru, an yi wa mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, aikin yanar ido a Maradi. Da aka sallamo ta aka ce ba za a mayar da ita ƙauye ba tukuna, a Dakoro za ta yi jinya, gidan babban ɗanta Yaya Alhaji, don shi ne ke da ɗaki mai kilim, wato na'urar nan ta sanyaya ɗaki da ake maƙalawa a bango. Likita ya kafa sharuɗɗa masu tsauri. Idon zai zauna a rufe da auduga da filasta, ba a buɗewa sai in za a ɗiga magani. Kada zufa ta shiga, kada ƙura ta taɓa shi, kada ta sunkuya, kada kuma a jijjiga ta ko kaɗan har sai an koma an duba.

Matar Yaya Alhaji, facalata Yaya Rabi, sakatariya ce a meri, wato ofishin magajin gari, kullum da safe sai ta tafi biro, wurin aikinta. Ni kuwa ana hutun makaranta. Saboda haka maigidana ya ce in je in zauna da Inna. Na ce to, har da murnata, don na daɗe ina neman hanyar da zan nuna wa dangin miji cewa mu ma 'yan boko mun iya jinya, ba alli da allo kawai muka sani ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai tun ranar da na sauka, shi ne kilim ɗin nan. Mu a Ajekoriya in zafi ya matsa, mahuci muke ɗauka, in dare ya yi a fitar da tabarma waje. Kilim kam na sha shiga sanyinta a banki a Maradi, amma ban taɓa zama ni da ita mu biyu a ɗaki ba, balle a ce ni ce mai ba ta umarni. Ga ta fara tas a saman bango, tana wani gurnani ƙasa-ƙasa, tana ɗaga leɓe tana saukewa, ga wata 'yar taga a gefenta da lamba ke haskawa a ciki. Yaya Rabi ta damƙa mini telekomand, wato rimot ɗin kilim ɗin, ta ce, "Kin ga jan maɓallin ga? Shi ke kunnawa, shi ke kashewa. Waɗanga biyu, ɗaya ƙarin sanyi, ɗaya ragi. Sauran ki bar su, ni ma ba duka na sani ba."

Na riƙe shi da hannu biyu kamar an miƙo mini jinjirin wata.

Kwanakin farko komai lafiya. Da safe in share ɗakin, in goge simintin tas, in ɗiga wa Inna magani, in dama mata fura. Inna mace ce 'yar firit, ba ta da yawan magana, ga kunnenta ɗaya ya yi nauyi, sai an ɗaga murya take ji. Ni kuma ina jin nauyinta, ba na iya ɗaga mata murya. Don haka yawancin hirarmu ita ce, in ce, "Sannu Inna," ta ce, "Mi kika ce?" in ce, "Sannu na ce," ta ce, "To, Allah shi yi albarka."

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce. 'Yan'uwan Inna daga Azagor sun kawo dabbobi, da suka gama cinikinsu suka biyo gida dubiya. Jagoransu ƙanenta ne, Kawu Hamidu, dattijo dogo mai rawani, irin mutanen nan da in suna tafiya ba ka jin motsin ƙafarsu saboda natsuwa. Sun iso bayan Azahar, suka tarar Inna ta sha fura, ta sha maganinta, barci ya ɗauke ta. Yaya Alhaji ya ce kada a tashe ta, ya sa aka shimfiɗa musu tabarmi a gindin dogon yaro a tsakar gida, aka ɗora shayi, suna jira ta farka. Na fito da hijabina har ƙasa, na durƙusa daga nesa na gaishe su, murya can ciki. Har na ji Kawu Hamidu na cewa, "Wagga ɗiya akwai hankali." Na koma ɗaki ina jin kaina a sama. (Ku lura da irin tudun da na hau, don ku san nisan faɗuwar.)

Ina shiga aka ɗauke wuta. Kun dai san bazarar Dakoro. Kafin ka ce me, ɗakin da ke rufe ruf ya koma tanda. Ba damar buɗe taga saboda ƙura, ba damar buɗe ƙofa saboda maza na tsakar gida. Na cire hijabi, na cire ɗankwali, na ɗauki mahuci na zauna ina yi wa Inna fifita, ina share mata goshi kada zufa ta gangara cikin idon. Kitsona ma ya tsufa, rabinsa na tsefe tun jiya ban ƙarasa ba, gashin ya miƙe tsaye gefe ɗaya. Wa zai gan ni?

Can sai wuta ta dawo. Na yi hamdala, na ɗauki telekomand, na danna ja. Kilim ta yi ƙara "ɗit", ta buɗe baki. Amma maimakon lambar da na saba gani a 'yar tagar nan, sai na ga haruffa biyu suna ƙyaftawa: CL. Su haska, su ɓace. Su haska, su ɓace.

Abin da ya fara zo mini shi ne na lalata kayan mutane. Na tsaya ina kallonsu, ban daɗe ba suka ɓace, lamba ta dawo. Na ce to, watakila idona ne. Da mai hankali ce ni, da nan na tsaya. Amma sai na ce bari in tabbatar. Na kashe, na sake kunnawa. CL. CL. CL. Na sake kashewa, na sake kunnawa. Ga su nan dai, kamar mutum na ƙyafta mini ido yana so ya gaya mini wani abu ba ya son a ji.

Na shiga lalube a kaina, C da L, C da L, a ina na san su? Ku sani, duk zamana a kolej ban taɓa abin kirki a darasin shimi ba, wato ilimin sinadarai, makin da nake samu ko a gida ba na faɗa. Komai ya bi iska. Amma a wannan rana, don Allah ya nufa sai na kunyata, ƙwaƙwalwata ta zaƙulo mini abu ɗaya tak da ya rage a cikinta: malaminmu tsaye gaban allo, ya rubuta C da L, yana cewa wannan ita ce alamar kulor, iska ce mai guba, in ta cika ɗaki tana ƙona huhu, mutum ya yi ta tari har ya mutu.

Na ce, "Innalillahi."

Sai komai ya haɗu a kaina tsaf. Na san akwai gaz a cikin kilim, na sha jin ana cewa "gaz ɗinta ya ƙare". Na kuma tuna muryoyin nan da ake turowa a waya, na wasu iyali da aka ce sun kwanta a rufaffen ɗaki ba su tashi ba (daga baya na tuna hayaƙin gawayi aka ce, amma a lokacin wa ke da sukunin tantancewa?). Ashe ɗauke wutar nan ya fasa wani abu a cikinta, guba na tsiyayowa, ita kuma baiwar Allah tana iya ƙoƙarinta ta gargaɗe ni!

Na ɗaga hanci na shaƙa a hankali. Wallahi tallahi na ji warin. Wari mai kaifi, mai shiga maƙogwaro, ba kuma zato ba ne, yana nan a ɗakin. Nan take na ji maƙoshina na ƙaiƙayi. Na yi tari. Na ji idona na yaji. Na ji ɗakin na juyawa.

Na danna ja na kashe ta, amma warin bai tafi ba. Na juya wajen Inna. Tana kwance rigingine, baki a ɗan buɗe, hannu ɗaya ya zubo daga gado.

"Inna," na ce.

Shiru.

"Inna!"

Ko gezau. Na taɓa ƙafarta, na ji ta da sanyi (ƙafar da iskar kilim ke bugawa kai tsaye, amma wannan ma sai daga baya). Na girgiza ƙafar. Kanta ya ɗan karkata gefe, bakin ya ƙara buɗewa. Na kafa wa ƙirjinta ido ko zan ga yana motsi, amma hawaye sun cika mini ido, ba na ganin komai.

Ban san irin tsoron da kuka taɓa ji ba, amma ni ban taɓa jin irin na wannan lokacin ba. An ba ni amanar tsohuwa, uwar mutane, na zauna da ita a ɗaki ina danne-danne har guba ta kashe ta. Na hango fuskar maigidana. Na hango kaina gaban jandarma ana tambayata wa ya kunna. Wata zuciyar ta ce in fita da gudu in kira maza, wata ta ce kafin ki gama durƙuso da gaisuwa da bayani, ta cika. Ban san sanda na ɗago ta zaune ba, na juya mata baya, na jawo hannuwanta bisa kafaɗuna, na tallabo ta kamar yadda nake goya autana. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na bangaje ƙofa da ƙafa.

"Gaz! Gaz! Guba! Ku hita, za mu mutu! Inna ta mutu!"

Jama'a, na ga abin da ban taɓa gani ba. Dattawan nan masu rawuna, waɗanda ke kwana a daji da kuraye ba su girgiza ba, suka watse kamar an jefa dutse cikin zabi. Butar shayi ta kife a kan garwashi, toka ta tashi. Wani ya nufi zaure, wani ya yi bayan rumbu, wani mai ƙiba ya tarar zauren ya cushe, ya kama katangar maƙwabta. Kawu Hamidu, mai tafiyar natsuwa, na gan shi ya tattare riga har gwiwa, rawani na warwarewa a bayansa. Yaya Alhaji ya yi wajen kontar wuta, wato mita, da gudu ya kashe, yana salati da ƙarfi.

Ni kuwa na rasa inda zan nufa. Zaure a cike da maza, ɗaki akwai guba. Sai na kama zagaye tsakar gida da gudu, tsohuwa na tsalle a bayana, ina kuka ina cewa, "Inna kada ki mutu! Don Allah Inna kada ki mutu!"

A nan ne Inna ta farka. Ku sa kanku a matsayinta: kin kwanta lafiya a kan gado, ido ɗaya a rufe, ɗayan ba ya gani sosai, kin farka kin ji ki a sama ana gudu da ke, ana salati ta ko'ina, wata na kuka tana ambaton mutuwarki. Sai kawai na ji an shaƙe mini wuya, wata murya da ban taɓa sanin Inna na da ita ba ta fashe a kunnena:

"Ban mutu ba! Ku aje ni! Wallahi ban mutu ba, kada ku kai ni!"

Ta shiga dukan kaina da hannu ɗaya. Ni kuma don murna da ruɗewa, maimakon in tsaya, sai na ƙara mai, ina ihu, "Tana da rai! Tana da rai!"

Yaya Alhaji ne ya tare ni, ya daka mini tsawa, "Ke! Tsaya! Idonta!" Sai a lokacin na tsaya. Aka sauke Inna a tabarma a inuwa, tana haki, tana lalube tana tambaya, "Mi ya faru? Gobara ce? Wa ya ɗauko ni?"

Kafin nan maƙwabta sun cika gidan. Masu ɗauke da ruwa, masu kwanon yashi, mata na leƙe ta katanga. Kowa na tambaya ina wutar. Ni na tsaya a tsakiya ina bayani da faransanci da Hausa a haɗe, ina nuna ɗakin, ina cewa kilim ta rubuta kulor, guba ce, kada kowa ya matsa. Da yake ni ce malama, kowa ya yarda. Aka ja da baya, aka toshe hanci da bakin riga. Wani ya ce a watsa mata ruwa ta taga. Wani ya ce a'a, a samo dogon itace a ɓanɓaro ta daga bango. Yaya Alhaji, fuska duk zufa, har ya aika a ɗauko tabarya.

Ana cikin haka kabu-kabu ya sauke Yaya Rabi a ƙofar gida, ta taso daga aiki. Ta kutsa cikin taron jakarta a hannu, ta fara duba Inna, ta ga tana zaune tana faɗa, sannan ta juyo gare ni. Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta cire mayafinta ta yafa mini a ka. Sai a wannan lokacin na tuna yadda nake: kai a buɗe, gashi rabi a tsefe yana kallon sama, zani ya karkace, a gaban wan mijina da kawunsa da rabin unguwa.

"Mi kika gani?" ta tambaye ni a hankali.

"C da L, Yaya. Suna ƙyaftawa. Kulor ne, na ji warin da hancina."

Na ga gefen bakinta na motsi.

"In an kunna suke hitowa, jim kaɗan su ɓace?"

"E."

"Alhaji, a maida wuta."

Na riƙe mata hannu. "Yaya, don girman Allah kada ki shiga, kina da 'ya'ya!"

Ta zare hannunta ta shige. Tsakar gida ta yi tsit, ba ka jin komai sai kukan wata akuya a waje. Muka ji "ɗit". Na rufe ido ina jiran in ji faɗuwarta. Abin da muka ji shi ne dariya. Dariya irin wadda mutum ke yi har ya nemi abin dafawa. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Wayyo, gubar ta taɓa mata kai."

Can ta fito tana share hawaye, riƙe da wasu raga biyu masu faɗi da ta zaro daga cikin kilim ɗin. Ƙura ta yi musu kirtif, ta dunƙule kamar gashin raƙumi, ko haske ba ya ratsa su. Ta ɗaga su sama kowa ya gani.

"Jama'a, ku yi haƙuri, ga gubar. Wanka take so. Haruffan ga daga Ingilishi suke, ma'anarsu a tsabtace. Kilim tana lissafin daɗewar da ta yi tana aiki, in lokaci ya yi sai ta tuna maka ka wanke ragar da ke tace mata ƙura. Ta biro ɗinmu ma haka take yi. Tun da Inna ta zo ba a kashe ta ba dare da rana, shi ya sa lokacin ya zo da wuri. Ba ta lalace ba, ba abin da ya fashe."

Wani daga cikin mutanen Azagor, wanda ya dawo daga bayan rumbu, ya ce, "To wari fa? Malama ta ce ta ji wari."

Na yi caraf na kama wannan igiyar. "Wallahi na ji! Har yanzu yana maƙoshina!"

Yaya Rabi ta dube ni da tausayi, irin kallon da nake yi wa ɗalibi in ya ɗaga hannu da ƙarfi alhali amsarsa ba daidai ba ce.

"Wa ya goge ɗakin ga da sahe?"

"Ni."

"Da mi?"

Da jabel na goge shi, ruwan bilic ɗin nan mai warin kulor. Ni da hannuna na tsiyaya, har na ƙara don likita ya ce a kula da tsabta. Tsumman ma da sauran ruwan suna nan cikin roba a ƙarƙashin gadon Inna, inda na tura su da baƙi suka yi sallama. Da ɗakin ya ɗauki zafi, warin ya taso.

Ba wanda ya yi dariya da farko, kuma wannan ya fi ciwo. Masu ruwa suka juya da ruwansu, masu yashi suka zubar a gindin katanga. Sai da suka kai zaure na ji abin ya ɓarke. Kawu Hamidu ya dawo yana naɗa rawani a natse kamar ba shi ba, yana neman takalminsa ƙafa ɗaya. Yaya Rabi kuwa ta jawo baho a gaban kowa, ta wanke ragar da ruwa da ɗan sabulu, ruwan ya koma ja wur, ta ɗauraye, ta jingine su a inuwa. Da suka bushe ta kira ni ɗaki, ta nuna mini yadda ake ɗaga murfin gaban, a zura su su zauna daram. Ta kunna, haruffan suka sake fitowa, na ja da baya ba shiri. Ta ce, "Tsaya mana. Ba ta san an wanke ba sai an gaya mata." Tun suna ƙyaftawa ta danna wani ƙaramin maɓalli mai hoton fitila a kai a kai, kilim ta yi ƙara, suka ɓace. Ta kashe ta kunna, lamba ce ta fito. Sanyin da ya biyo baya ma ya fi na da.

Kuna zaton nan tsorona ya ƙare? Nan ya fara. Da aka mayar da Inna gado, sai ta dafe gefen fuska ta ce idon na yi mata zugi. Muka duba, filastar ta ɗago gefe ɗaya, audugar ta jiƙe. Tsohuwar da aka ce ko sunkuyawa kada ta yi, ni na yi sukuwa da ita a rana, cikin toka da ƙura. Yaya Alhaji bai ce mini uffan ba, ya fita waje ya kira likita, ya dawo ya ce gobe da sassafe za a tafi Maradi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Maigidana ya kira, na kasa ɗauka. Tuwon da aka kawo mini ko taɓawa ban yi ba. Abin da nake ta faɗa a raina shi ne, Allah kada ka sa wautata ta makanta baiwar Allah nan.

Da safe na ce zan bi su, ba wanda ya hana ni. Duk tsawon hanyar nan, in mota ta faɗa rami sai in waiga in dubi idon Inna.

Likita ya zaunar da ita, ya cire audugar, ya wanke idon, ya haska fitila ya daɗe yana dubawa. Ya tambaya me ya faru. Yaya Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "An ɗan motsa ta." (Allah ya saka masa da alheri, wannan "ɗan" ba zan manta masa da shi ba.) Likita ya ce aikin na nan lafiya, bai taɓu ba, zufa ce ta shiga ta sa zugin, amma kada a sake. Ya ɗaga yatsu ya ce ta faɗa, ta faɗa daidai. Na yi hamdala.

Sai Inna ta juyo a hankali tana ƙifta idon, tana bin ɗakin da kallo, har ta tsaya a kaina. Tun kafin a kawo ni gidansu yanar ta rufe mata ido, ashe duk shekarun nan inuwata kawai ta sani da muryata. Ta daɗe tana kallona.

"Ke ce matar Sani?"

"Ni ce, Inna."

"Ikon Allah. Ashe 'yar ƙarama ce ke. Da wanga jikin kika ɗauke ni?"

Na durƙusa na fashe da kuka, ina ba ta haƙuri. Ta dafa mini kai ta ce, "Tashi, ɗiyata. Kunnena na da nauyi, amma na ji abin da kike faɗi kina gudu." Ta juya wajen ɗanta. "Kai kuma, da aka ce guba, ina ka nufa?"

"Inna, wuta na je kashewa."

"Hamidu fa? Shi ma wutar ya tahi kashewa?"

Likita ya juya baya yana gyaran kayan aikinsa, kafaɗunsa na rawa.

Labarin dai ya riga ni isa Ajekoriya. Har yau in an taru biki ko suna, Inna ta gaji da zama, sai ta ɗaga murya a gaban kowa ta ce, "Ina motata? A kira mini motata ta maida ni gida." Mata su kwashe da dariya, ni kuma in ja mayafi in rufe fuska.

Na koyi darasi, ba zan ɓoye ba. Yanzu in na'ura ta rubuta mini abin da ban gane ba, tambaya nake yi kafin in fassara, musamman in fassarar daga darasin da na faɗi a makaranta za ta fito. Amma ga shawarata ga duk wadda Allah ya ƙaddara za ta yi wauta a gaban surukai: in dai gudun ya zama dole, ki tabbata uwar mijin na bayanki. Waɗanda suka gudu su kaɗai, har yau ba su gama ba da bayani ba.